Darasi na 12: Sauya Batirin Mota a Gida

Akwai ƙarar da duk mai mota ya sani, kuma ba mai son jin ta. Ka murɗa makulli da sassafe, yara sun riga sun shiga da jakunkunan makaranta, maimakon inji ya ɗauka sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, fitilun dashbod suna lumshewa. Daga nan sai a aika kiran makanike, ko a roƙi samarin unguwa su kawo ɗaukin turi. In motar mai giyar hannu ce, turi zai fid da kai kunyar wannan safiya. In otomatik ce, ko unguwar duka aka tara ba za ta tashi da turi ba.

Sauya batir aikin rabin awa ne, wani lokaci ma bai kai ba. Sifana ɗaya ko biyu sun ishe shi, kuma mace ko namiji, duk mai iya ɗaga jarkar ruwa ta lita 20 zai iya yin sa. Sai dai aiki ne da kuskuren daƙiƙa ɗaya kan ƙone abin da ya ninka batirin tsada. Don haka za mu daɗe a kan dalilin da ya sa ake fara kwance wannan waya kafin waccan. Wanda ya gane dalilin ba ya buƙatar haddace matakan.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin ƙaramar mota ɗakuna 6 ne a jere cikin akwatin roba guda. A kowane ɗaki akwai faranta na dalma tsome cikin ruwan asid, kuma kowane ɗaki yana ba da wuta kimanin bolt 2.1. In ka tara su duka za ka sami 12.6, shi ya sa ake ce masa batir mai bolt 12. Harafin V da za ka gani a jikinsa da jikin mitar auna wuta, bolt ɗin ke nan. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, tun kafin motar fetur ta zo duniya. Motocin farko da hannu ake tayar da su, a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaba a yi ta wanawa, har zuwa 1912 da kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai tashi da wutar batir, aikin wani injiniya Charles Kettering.

Babban aikin batir gajere ne. Zai ba kik, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban inji, wuta mai yawan gaske ta 'yan daƙiƙoƙi, fiye da amfiya 100, a manyan injuna ma ɗaruruwa. Da inji ya ɗauka sai altaneta ta karɓi ragama. Ita ke ciyar da fitilu da rediyo da na'urar sanyi, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. Ka ɗauki batir a matsayin randa, altaneta kuwa mai ga-ruwan da ke cika ta. In ka wayi gari ka tarar da randa wayam, ɗayan uku ne: ko ta tsage, ko mai ga-ruwa ya daina zuwa, ko wani na ɗiba da dare. A ɗaya ne kaɗai cikin ukun sabuwar randa za ta yi magani.

A ƙasashe masu sanyi batir kan yi shekara 4 ko 5. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet kusa da inji, wanda ya ci shekara 3 ya yi ƙoƙari. Zafi yana ƙafar da ruwan ciki, yana kuma saurin cinye farantan. Abin da kan ruɗi mutane shi ne, sau da yawa ba a bazarar batirin ke faɗuwa ba, sai wata safiyar hunturu, lokacin da mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, sanyi kuma ya rage wa batir kuzari. Sai a ɗora wa sanyi laifi, alhali tun watan Afrilu aka yi ɓarnar.

Ka tabbata shi ne ya mutu

Kafin ka taɓa aljihu, buɗe bonet ka duba kawunan batirin guda biyu. Kama tamina, wato ƙarfen da ya rungume kan batir yana riƙe da waya, ka gwada murɗa ta da hannu. In ta juya, to ga mai laifi nan. In kuma ka ga wani gari fari-fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kai, shi ma yana tare wuta. Batura masu lafiya da yawa sun tafi hannun 'yan gwangwan saboda noti ɗaya da ya saki.

Sai gwajin fitila, wanda ba ya buƙatar kayan aiki. Kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba, kai kuma ka murɗa makulli. In hasken ya dusashe kamar zai mutu, wuta ce ba ta isa, daga batir ko daga tamina. In hasken ya tsaya tangaran amma inji bai motsa ba, batir ya wanke kansa. Ka duba ko giyar otomatik tana kan P sosai, in tana kai, zancen ya koma kan kik ko makunni, aikin mai wayarin mota ne.

Wanda ya fi duka shi ne gwajin mita. 'Yar ƙaramar mitar auna wuta tana samuwa a shagunan kayan lantarki, kuɗinta kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba. Juya ta zuwa inda aka rubuta 20 a sashen V mai miƙaƙƙen layi, ka ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar tarawa (+), baƙi a kan da ke da alamar ɗebewa (−). Ka yi awon bayan motar ta huta 'yan awoyi. In ka ga 12.6, batir a cike yake. In 12.4 ne, saura kamar kashi 75 cikin 100. A 12.2 rabi ya tafi, a 12.0 kuwa saura kamar kashi 25 cikin 100. Kada ƙanƙantar tazarar ta yaudare ka. Tsakanin cikakke da fanko bai wuce bolt ɗaya ba. Batirin da aka kai caji ya kwana, ya dawo yana nuna 10.5 ko kusa, ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa, kuma ba mai cajin da zai raya shi.

In an samu motar ta tashi, ko da turi ko da aron wuta, sake aunawa inji na aiki. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 yana nufin altaneta ba ta caji, ko fambel ya saki. Ka sa sabon batir a irin wannan mota, kwana kaɗan zai kwanta inda na farko ya kwanta. Sama da 15 kuma cajin ya yi yawa, dafa batirin take yi, har ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a bakin titi: a cire waya daga batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta lafiya lau. A tsofaffin motoci marasa kwamfuta an daɗe ana yi ana tsira. A motar yau batir ne ke shanye tsallen da wutar altaneta kan yi, in ka cire shi tsallen sai ya faɗa kan ƙwaƙwalwar mota. Kada ka yi, kada kuma ka tsaya kana kallo a yi wa motarka.

Saura mai ɗiba da dare. In batir da altaneta duk sun nuna lafiya amma motar da ta kwana biyu a ajiye ba ta tashi, a nemi fitilar but da ba ta mutuwa, ko rediyo da aka ja wa waya kai tsaye daga batir, ko na'urar bin sawun mota da aka haɗa da ka.

A shago

Ɗauki hoton tsohon batirin da wayarka tun yana zaune a mazauninsa, yadda rubutun jikinsa da wajen da kowane kai yake za su fito. In da hali, tafi da shi gaba ɗaya.

Abu na farko girma ne, dole sabon ya zauna daram inda tsohon ya tashi. Na biyu lambar da ke gaban haruffan Ah, irin su 45 ko 62 ko 75 ko 100, wadda ke nuna yawan wutar da yake iya adanawa. Mai 60Ah, alal misali, zai iya ba da amfiya 3 na tsawon awa 20. Ka sayi daidai da abin da littafin motar ya ce ko sama kaɗan, ban da ƙasa. Na uku, wanda aka fi mantawa, gefen da kawunan suke. Batura biyu na iya zama girma ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma kan tarawa na wannan yana dama, na wancan yana hagu. A baturan motocin Japan za ka ga lamba irin 55D23L, harafin ƙarshe, L ko R, shi ke faɗin gefen. Ka ɗauko na kishiyar gefe, sai ka iso gida ka tarar waya ba ta kai ba. Daga nan shaiɗan kan raya wa mutum ya ja ta da ƙarfi ko ya juya batirin.

Batir yana tsufa ko a kan kanta yake. Nemi ranar da aka yi shi a jikin takarda ko a saman murfi, ka guji wanda ya wuce wata 6 a ajiye. Mai shago zai ce, "Alhaji, ai wannan shekaranjiya aka sauke shi." Ba sai an yi musu ba. Ka ce, "To madalla, Malam, ɗora masa mita mu gani." In bai kai 12.4 ba, a kawo wani. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da takardar garanti. Baturan da aka ciro daga motocin Kwatano ko aka yi wa kwaskwarima suna da sauƙin kuɗi, amma ba wanda ya san shekarunsu, kuma araha ba ta ado.

Jikin mota waya ne

Wannan shi ne zuciyar darasin. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita ta hanya ɗaya ta dawo ta wata. A gida wayoyi biyu ke zuwa kowane ƙwan fitila. A mota, don a rage yawan waya, guda ɗaya ake ja zuwa kowace na'ura, ƙarfen jikin motar kuma ya zama hanyar dawowa. Bi baƙar wayar da ta fito daga kan ɗebewa da ido, za ka ga ba ta yi nisa ba aka ɗaure ta da noti a jikin mota ko a jikin inji. Ke nan inji, da bonet, da kowane noti, da madannin batirin kansa, duk kan ɗebewa ne muddin wannan waya na haɗe.

Yanzu ka ɗauka ka ɗora sifana a notin kan tarawa alhali baƙar waya na nan a ɗaure. Sifana ƙarfe ce. Kana juya ta sai gindinta ya taɓa jikin mota. A take ka haɗa kan tarawa da kan ɗebewa ba tare da komai a tsakani ba, ba fitila, ba fis. Wutar nan ta ɗaruruwan amfiya da aka tanada don juya inji za ta bi ta cikin sifanar. Tartsatsi zai tashi, ƙarfen na iya mannewa ya yi jawur, in kuma da zoben azurfa a yatsanka ya shiga tsakani, zai ƙone ka har tsoka kafin ka fizge hannu. Ga wani haɗarin a kai: batir, musamman wanda aka gama yi wa caji, yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke tayarwa. Batir kan fashe ta haka, ya watsa asid a fuska.

To juya lamarin. Ka fara da kan ɗebewa. Sifana tana kan notinsa, gindinta ya taɓa jikin mota. Me zai faru? Babu komai, domin dama su biyun abu ɗaya ne. Da ka cire wannan waya ka kawar da ita gefe, jikin mota ya rabu da batir. Yanzu ko sifana ta taɓa jikin mota kana kwance kan tarawa, wuta ba ta da hanyar komawa. Shi ya sa wajen cirewa kan ɗebewa ne farko, wajen mayarwa kuma shi ne ƙarshe. Duk lokacin da sifana za ta hau kan tarawa, baƙar waya ta kasance a kwance.

Abu ɗaya ya rage ko bayan an cire wayoyin duka: ƙarfen da ya haɗa kawunan batirin biyu kai tsaye. Saman batir ba tebur ba ne, kada ka ajiye sifana a kai. Haka nan masu gwada ƙarfin batir ta hanyar karta waya tsakanin kawuna biyu su ga tartsatsi, da idonsu suke caca.

Bolt 12 ba ya jan mutum ta busasshiyar fata, kana iya dafa kowane kai da hannu. Tsoron da ya dace a ji na ƙarfe ne, da tartsatsi, da asid.

Aikin kansa

Tanadi sifana mai lamba 10, ita ce ta yawancin motocin Japan, da 12 ko 13 don madanni. Ka haɗa da filaya, da burushin ƙarfe ko samfefa, da tsumma, da ɗan giris ko basilin, da safar hannu ta roba, da tabarau, ko na rana ne ya fi babu. Ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. Tuɓe zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun riga, in babbar riga ce a cire ta, mayafi kuma a ɗaure shi. Mai shan taba ya yi nisa, haka ma murhu ko janareto mai aiki. A fili ake yi, ba cikin rufaffen gareji ba.

Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, kashe komai, zare makulli ka jefa a aljihu. Sauke gilashi ɗaya, don wasu motoci kan kulle ƙofofinsu da kansu da zarar wuta ta dawo, ga makulli a ciki. Ba ta minti 5 kwamfutocinta su kwanta.

Gano kawunan da alamar da aka zana a jikin batir, kada ka dogara da launin waya. Motar da ta bi hannu da yawa ba a rasa wanda ya sa mata jar waya a mazaunin baƙa. Ƙarin shaida, kan tarawa ya ɗan fi kan ɗebewa kauri.

Sassauta notin kan ɗebewa, ba sai ka fitar da shi duka ba. Murɗa tamina hagu da dama kana ɗagawa. In ta kafe, sa bakin sukundireba a tsagar ta ka ɗan buɗa. Kada ka doke ta da dutse ko gindin sifana kamar yadda aka saba. Kan batir dalma ne mai laushi, dukan kan tsaga robar da ke kewaye da shi, asid ya riƙa tsattsafowa, shi ne asalin farin garin nan da ba ya ƙarewa. In ta fita, naɗe ta da tsumma ka tura ta inda ba za ta dawo da kanta ba, don waya mai kauri tana son komawa inda ta saba. Sannan ka ɗage jan murfin kan tarawa ka kwance shi. Kwance madanni, ka lura da yadda sandunansa suka maƙale a ƙasa. Ɗaga batirin a miƙe da hannu biyu, nesa da tufafinka. Nauyinsa kilo 12 zuwa 20 ne, ka durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya da baya.

Kafin sabon ya shiga, wanke mazaunin da taminonin. A nan kanwa tana da amfani, domin tana kashe kaifin asid. Jiƙa 'yar kaɗan a kofin ruwa ka zuba a kan farin garin, za ka ga yana kumfa yana tsuwa. In kumfar ta lafa, goge da burushi, ɗauraye da ruwa, ka tsane da tsumma. Kankare cikin tamina da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ruwan kanwa kada ya kuskura ya shiga cikin ɗakunan batir, zai kashe asid ɗin da ake buƙata. In garin ko asid ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti, ba a sa masa kanwa ko wani magani na gida.

Zaunar da sabon, ka dubi hoton da ka ɗauka, ka tabbata kan tarawa yana gefen wayar tarawa. Dubi sau biyu. Haɗa batir a juye, ko na ƙiftawar ido, yana ƙone babban fis, in an yi rashin sa'a ya tafi da altaneta da ƙwaƙwalwar mota. Ɗaure madanni har batirin ya daina motsi in ka girgiza shi. Kada ka rena wannan ƙarfe. Motoci da yawa suna yawo da batir ɗaure da tsumman roba ko igiya, ko ma sake. A hanyoyinmu masu ramuka jijjiga tana kakkaɓe farantan ciki, batirin da ya yi tsalle kuma kansa na tarawa na iya taɓo bonet.

Cire 'yan murafun robar da ke kan sabon batirin. Sa tamina ta tarawa, danna ta har ƙasa, ɗaure, mayar da jan murfi. Sai ta ɗebewa. Ɗan ƙyas da za ka gani lokacin da ta taɓa ba matsala ba ne, na'urorin mota ne suka farka. In tartsatsin babba ne, janye maza ka sake duba alamomin. Ɗaure har tamina ta ƙi juyawa da hannu, ka tsaya nan. In ta buɗe da yawa ba ta kamawa, a sayi sabuwa, ba ta da tsada. Ƙusar da ake cusawa a tsakani ba ta riƙe wuta, zafi kawai take tarawa. Bayan ɗaurin ne ake shafa giris a sama don hana tsatsa. Kwashe kayan aiki, ƙirga su, tayar da mota, ka ɗora mita ka ga 13.8 zuwa 14.5 ɗin nan da idonka.

Agogo zai koma baya, tashoshin rediyo za su goge, inji na iya ɗan rawa a tsaye na wani lokaci kafin kwamfuta ta daidaita kanta. Wasu rediyoyin, kamar na tsofaffin Honda, suna neman lambar sirri bayan ɗaukewar wuta, ka nemo ta a takardun motar tun kafin ka fara.

In batirinka mai murafu ne a sama, duk wata ka leƙa ruwansa, ya kasance tsakanin layuka biyun da ke jikinsa, farantan a rufe. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan, don haka tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai ake ƙarawa. Ban da asid, ban da ruwan rijiya ko na famfo ko na leda, gishirin da ke cikinsu yana lalata faranta.

Motocin da ba a yi wa gaggawa

Ba kowace mota ke ajiye batir a gaba ba. BMW da Mercedes da yawa a but suke sa shi, wasu motocin a ƙarƙashin kujera. Irin waɗannan suna da siririn tiyo da ke fitar da iskar batir waje, dole a mayar da shi jikin sabon. Motar da ke kashe injinta da kanta in an tsaya a danja tana buƙatar batir mai rubutun AGM ko EFB, na gama-gari ba ya jure mata. Wasu motocin Jamus na zamani kuma sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin da ta saba yi wa tsohon. Wannan aikin mai na'ura ne.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, batir biyu gare su. Ƙaramin mai bolt 12 ne, babban kuwa ya haura bolt 200, yana kisa. Wayoyinsa ruwan lemo ne. Duk inda ka ga waya mai wannan launi a irin wannan mota, ka janye hannunka.

Tsohon batirin

Kada ka bar shi a tsakar gida ko bayan ɗaki. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ita kuwa guba ce da ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito. Amma a Thiaroye-sur-Mer, gefen Dakar ta Senegal, daga batir ta fito kai tsaye: tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tono dalmarsu don sayarwa.

Saboda haka kada ka fasa shi, kada ka tsiyaye ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada ka narka dalmarsa a murhun gida. Mafi sauƙi ka mayar wa mai shagon da ya sayar maka da sabo, yawancinsu suna karɓa su rage maka kuɗi. A ɗauke shi a miƙe, cikin kwali ko tsohon baho, a but, ba a kan kujera ba. Masu mayar da tsohon batir ɗakin kwana don kunna fitila ko talabijin su sani ba a ƙera batirin mota don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ana sake cikawa ba, ba zai daɗe ba, kuma yi masa caji a rufaffen ɗaki tara iskar nan ce mai kamawa da wuta. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu kafin a kai shi baki ko a ɗauki yaro.

Aikin aji

1. Malam zai kai ku wajen wata mota. Kowa ya bi wayar kan ɗebewa da ido ya nuna inda aka ɗaure ta, sannan ya bayyana wa na kusa da shi, da kalmominsa, abin da zai faru in sifanar da ke kan tarawa ta taɓa wannan wuri.

2. Wata malamar asibiti ta sayi sabon batir ranar Litinin, ranar Alhamis motarta ta sake ƙin tashi. Da aka tayar da ita aka ɗora mita inji na aiki, sai ta nuna 12.3. Ina matsalar take, kuma wa ya kamata ta kira?

3. Ku kwafo duk rubutun da ke jikin batirin wata mota a unguwarku, ku kawo aji mako mai zuwa. Ku ja layi a ƙarƙashin lambar Ah, da harafin da ke nuna gefen kawuna in akwai, da ranar da aka yi shi.